Buroshin Haƙori Mai Batir: Na Araha Yana Aiki Kuwa?

Wani mai sauraronmu daga Katsina yana tambaya ko buroshin haƙori mai batir, irin na araha, yana da amfani. Malam, yana da shi. Abin da ake yaƙi da shi shi ne dattin nan mai yauƙi da ƙwayoyin cuta ke tarawa a gindin haƙori har dasashi ya kumbura. Nazarin ƙungiyar bincike ta Cochrane na 2014 ya gano buroshin lantarki ya fi na hannu rage wannan datti da kusan kashi 21 cikin ɗari bayan wata uku.

Za a ce ai na araha ba ya ƙarko. Haka ne, da batir ya yi sanyi juyinsa ke raguwa, wasu ma ba a sauya musu kai. Amma ko mai tsadar, in ba a yi minti biyu safe da dare da man goge baki mai fuloraid ba, asarar kuɗi ce kawai. Kada ka danna shi da ƙarfi, bi da shi haƙori bayan haƙori, ka sauya kan duk wata uku.