Hakkin Mai Ciki a Kan Mijinta

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasinmu na wannan mako shi ne nauyin da ke kan uba tun ɗansa yana ciki.

Duk wanda ya leƙa Babban Asibitin Daura ran awon ciki, ko ƙananan asibitocin Baure, Zango, Mai'adua da Sandamu, zai tarar da mata jingim, amma da wuya ya ga namiji. Kukan malaman asibiti shi ne, maigida ba ya bayyana sai abu ya ɓaci, alhali izini da kuɗin mota da na magani duk a hannunsa suke. Sau da yawa naƙuda takan kama mace mijinta yana kasuwa ko ya tafi cin rani, a zauna jiransa har ta galabaita. Doguwar naƙuda ita ce babban dalilin yoyon fitsari, ciwon da ake kai mata Asibitin Babbar Ruga a Katsina dominsa.

To, me Shari'a ta ce? A Suratul Baƙara, aya ta 233, Allah Ya ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uban ɗa. A Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 6, Ya yi umurni a ciyar da mai ciki har ta sauka, ko da an sake ta. Ina kuwa ga wadda take ɗakinta? Sa'an nan Buhari ya ruwaito cewa Sayyidina Usman bai halarci yaƙin Badar ba, a shekara ta 2 bayan Hijira, domin yana jinyar matarsa Ruƙayya, Annabi kuwa ya ba shi ladan wanda ya halarta da rabonsa na ganima. Wanda ya ce kunya ta hana shi raka iyalinsa asibiti, ai bai kai Usman kunya ba.

Masana lafiya ma sun gane haka. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a riƙa jawo maza cikin kula da masu ciki, a 2016 kuma ta ce awo ya kai sau 8. Maƙwabtanmu na Damagaram sun kafa makarantun mazaje tun 2008, inda magidanta kan zauna da malaman asibiti su tattauna lafiyar matansu.

Saboda haka, ya kai maigida, ga abu uku. Na farko, ka ba da izini tun yau, a gaban mahaifiyarka da maƙwabta, cewa ko ba ka nan a kai ta asibiti. Na biyu, ka ajiye kuɗi, ka shirya da mai mota, ka san wanda zai ba da jini. Na uku, ka san alamun haɗari: zubar jini, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, da naƙudar da ta wuce awa 12.

Ku kuma malaman asibiti, idan miji ya zo kada a kore shi da tsawa. A kira shi gefe, da yardar matarsa, a yi masa bayani, domin wanda aka wulakanta ba zai komo ba.

Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya raya zuriyarmu bisa Sunna. Amin.