Baƙon da ya ƙi zama raɓa: nazari a kan baƙin ƙwari a gonakin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, watau ya kwana, hantsi ya yi, ya kama gabansa. Sai dai akwai wani irin baƙo wanda wannan karin magana bai kama shi ba. Shi ne ƙwaron da aka ɗauko daga wata nahiya, ya sauka inda babu abokan gabansa na asali, ya hayayyafa har ya nemi korar 'yan gida. Manufar wannan maƙala ita ce duba biyu daga cikin irin waɗannan baƙi, da illarsu ga amfanin gona da sauran halittu a kudancin Katsina, musamman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda masara da dawa suke cikin manyan abin dogaro.

2.0 Tsutsar masara

Asalin wannan tsutsa, wadda masana suke kira Spodoptera frugiperda, nahiyar Amurka ne. An fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016, a kudu maso yammacin Nijeriya da wasu ƙasashe maƙwabta. Ba ta tsaya nan ba, ta kai Indiya a 2018, sannan Ostireliya a 2020. Uwarta wani ɗan malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, wanda iska takan ɗauka tafiyar kilomita 100 kafin wayewar gari. Mace guda takan saka ƙwai fiye da 1,000, kuma a lokacin zafi kimanin kwana 30 sun isa ƙwai ya zama uwa. Ke nan a damina guda sai a sami zuriya bayan zuriya.

Tsutsar takan shige cikin kan masara, inda sabon ganye yake fitowa, ta ci ta bar huji da kashi mai kama da dusa. Alamarta ita ce ɗigo huɗu baƙaƙe a kusa da wutsiya. Ba masara kaɗai take ci ba, har da dawa da gero da shinkafa, da tsirrai fiye da iri 80.

3.0 Ƙwaron tumatir

Baƙo na biyu shi ne Tuta absoluta, wanda manoman rani suka laƙaba wa suna sharon. Daga Kudancin Amurka ya fito, ya shiga Sifen a 2006, ya iso arewacin Nijeriya a 2015. Tsutsarsa tana shiga tsakanin fatar ganye, ta kuma huda 'ya'yan. A 2016 ɓarnarsa ta yi tsanani a Kano da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir.

4.0 Illarsu ga sauran halittu

Asarar hatsi ita ce abin da ido yake fara gani, amma akwai wadda ta fi ta ɓoyuwa. Da farko, tsutsar masara macijiya ce ga 'yan'uwanta da sauran tsutsotsi. Bincike a gabashin Afirka ya nuna tana rage tsutsotsin kara da ta tarar a gona, wanda hakan yake sauya tsarin zaman ƙwarin wuri.

Na biyu, wanda ya fi muni, shi ne yawan feshi. Da yake tsutsar tana ɓuya cikin kan masara, magani ba ya samunta sosai, sai manomi ya ƙara ƙarfinsa, ya yawaita fesawa. Maganin kuwa bai san abokin gaba ba, bai san na gida ba. Yana kashe ƙudan zuma masu barbarar furanni, da tururuwa da gizo-gizo da ƙananan zanzaro waɗanda suke cin ƙwan tsutsar. Ruwan sama kuma ya wanke shi zuwa fadamu da rafuka, ya taɓa kwaɗi da kifi. Daɗin daɗawa, tsutsar da ta tsira takan haifi zuriya mai jure maganin. An kashe masu gadi ke nan, an bar ɓarawo.

5.0 Mafita

Tarihi ya nuna akwai wata hanya. A shekarun 1970 wani ƙwaro daga Kudancin Amurka ya far wa rogo a Afirka. Cibiyar IITA ta Ibadan ta kawo wani ɗan zanzaro daga ƙasar ƙwaron ta asali, ta sake shi a 1981, ya kuwa karya lagonsa. Wannan aiki ne ya sa aka ba Hans Herren lambar yabo ta abinci ta duniya a 1995.

A matakin gona kuma, abin da ya fi amfani shi ne shuka da wuri, da zagaya gona kowane mako don murƙushe ƙwai, da haɗa masara da wake ko gyaɗa, da amfani da ruwan 'ya'yan dalbejiya. Feshi ya zama matakin ƙarshe, bisa shawarar malamin gona.

6.0 Naɗewa

Waɗannan baƙi sun riga sun zauna, korarsu gaba ɗaya ba abu ne mai yiwuwa ba. Abin da ya rage shi ne a kiyaye ƙananan halittun gida da suke taya manomi yaƙi. Kowace zuma da kowane zanzaro da aka kashe a banza, ƙarin fili ne aka ba baƙo.