Ruwa Mai Warin Ruɓaɓɓen Ƙwai

Jama'a, akwai maɓuɓɓuga da rijiyoyi da ruwansu ke warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wasu kan ce aikin aljanu ne. To, ga dalili.

A ƙarƙashin ƙasa, ruwa yana narkar da gishirin farar wuta daga duwatsu. Can, inda iska ba ta kaiwa, akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Da gishirin nan suke numfashi. Su ne ke fitar da iska mai wari.

Yaya masana suka gane? Farar wuta tana da manyan iri biyu: marar nauyi mai lamba 32, da mai nauyi mai lamba 34. Ƙwayoyin sun fi ɗaukar marar nauyi. In awo ya nuna ta yi yawa a iskar, an ga sawunsu ke nan.

Masu haƙar rijiya, ku kula. Wannan iska guba ce, kuma a gindin rijiya take kwanciya. In ta yi yawa, hanci yakan daina jin warin, mutum ya suma. Rijiya mai wannan wari, kada kowa ya shiga. A sanar da duba-gari.