Daga Gabas Ake Farawa, Ɗana

Ɗana, matso da tabarmarka kusa, domin muryata ba ta kai inda take kaiwa a da, kuma tun ranar da mahaifiyarka ta gaya mini ka fara haɗa kayan tafiya nake ajiye maka wata magana. Ba hana ka tafiya zan yi ba, Allah ya sa alheri ne ke kiranka. Labarin wasu mutane zan ba ka, masu nisa da mu ƙwarai, waɗanda na daɗe ina karanta tarihinsu ina jinjina hankalin kakanninsu.

Sunansu Nabaho, su kuma suna kiran kansu Dine, wato mutane. Suna cikin ƴan asalin ƙasar Amurka, a kudu maso yammacinta, ƙasa mai jan dutse da ƙarancin ruwa, inda suke kiwon tumaki, suna noman masara, matansu suna saƙa. Idan ka tambayi dattijonsu iyakar ƙasarsu, duwatsu huɗu zai lissafa maka. A gabas akwai dutsen Blanka a jihar Kolorado, launinsa a wurinsu fari ne, irin farin alfijir. A kudu akwai dutsen Taylor a Nyu Meksiko, shuɗi kamar sararin sama da rana tsaka. A yamma akwai duwatsun San Faransisko a Arizona, ruwan ɗorawa irin na almuru, sai dutsen Hesperus a arewa, baƙi kamar dare. A tsakanin waɗannan huɗun suka yi imani an ajiye su, saboda haka duk wanda ya fita daga tsakiyarsu yana jin kansa baƙo ko da yana cikin daula.

Kada ka ce kawunka ya tsufa ya fara yabon bautar duwatsu. Mu Musulmi ne, alƙiblarmu ɗaya, kuma ba ma neman tsari wurin dutse ko itace. Abin da ya ja hankalina shi ne tarbiyyar da suka rataya a kan kusurwoyin nan, domin sun mai da gabas da kudu da yamma da arewa tamkar allon da yaro ke karantawa kullum ko bai shiga makaranta ba.

Ɗakinsu na gargajiya, wanda suke kira hogan, ƙofarsa gabas take kallo, domin hasken farko ya shigo ya tarar da mutanen gida a farke. Dattawansu kan fita da sassafe su yi addu'a da garin furen masara a hannu, su kuma tashi yara su yi gudu su nufi mafitar rana. Wanda ya shiga ɗakin ba ya ratsawa yadda ya ga dama. Hagu yake bi, ya zaga ta kudu, ya bi ta yamma, ya fito ta arewa, yadda rana ke tafiya. Wannan zagayen shi ne darasin. Gabas a wurinsu wurin tunani ne, kudu wurin shiri, yamma wurin aikata abin da aka shirya da zaman tare da jama'a, arewa kuma wurin waiwaye da natsuwar zuciya da sa rai. Haka suka jera shekarun mutum ma, daga ƙuruciya zuwa samartaka, zuwa girma, zuwa tsufa. Kwalejin da suka kafa wa kansu a 1968, wadda yanzu ake kira Kwalejin Dine, a kan waɗannan matakai huɗu ta gina tsarin koyarwarta.

To, ɗana, a nan nake so ka tsaya ka saurare ni da kyau, domin abin da na fi gani yana kayar da samari shi ne shiga ɗaki ta yamma. Yaro zai ji abokinsa ya samu kuɗi a wata sana'a, kafin gari ya waye ya sayar da akuyar uwarsa ya faɗa ciki, bai zauna ya yi tunani ba, bai shirya ba, bai tambayi wanda ya riga shi ba, sai abu ya lalace sannan ya dawo neman gabas da rana ta riga ta faɗi. Ni ma na taɓa yin haka. Ina da shekara ashirin da ƴan kai na ɗauki jarin da mahaifina ya tara mini na zuba a fataucin da ban san kansa ba, saboda kawai na ƙagu a ce ni ma na zama wani, kuma shekara uku na yi ina biyan bashin wata uku. Ban taɓa mantawa da shirun da mahaifina ya yi ranar da na gaya masa ba, Allah ya jiƙansa.

Abin da ya fi taɓa ni kuwa, yanzu da furfura ta cika mini kai, shi ne inda suka ajiye sa rai. A arewa suka ajiye shi, a cikin baƙi, wajen dare da tsufa, kusurwar da suke dangantawa da mutuwa, har ma a da idan mutum ya rasu a cikin hogan sukan fasa bangon arewa su fitar da shi ta nan, su bar ɗakin. Da ni aka tambaya ina yaro, da a hasken safiya zan sa shi. Sai da na binne abokai, na ga shekarun fari da na yalwa, sannan na gane cewa wanda bai taɓa kwana cikin duhu ya ga gari ya waye ba, abin da yake da shi zumuɗi ne kawai, kuma zumuɗi ba ya jure yunwar kwana biyu.

Nabaho kuwa an jarraba su. A 1864 sojojin Amurka, bayan wani hafsansu mai suna Kit Carson ya ƙone gonakinsu ya karkashe dabbobinsu, suka tasa su a ƙafa tafiyar fiye da kilomita 480 zuwa wani wuri da ake kira Boske Redondo, a bakin kogin Pekos, can nesa, a waje da iyakar duwatsun nan huɗu. Mutum fiye da 8,000 aka tsare a wurin. Ruwan zartsi ne, tsutsa ta cinye masarar da suka shuka, itacen girki ya ƙare, kuma sama da 2,000 suka mutu. Da aka zo sulhu a 1868, Janar Sherman ya kawo musu shawarar a kai su wata ƙasa can gabas, inda ake tara sauran ƙabilu, amma shugabansu Barbonsito ya ƙi, ya nace sai dai ƙasarsu. Ran 1 ga Yuni aka sa hannu, suka kamo hanyar gida, kuma ana ba da labarin cewa da tsofaffinsu suka hango dutsen Taylor daga nesa, sai suka zauna a ƙasa suna kuka. Shekara huɗu a hannun wasu, ɗana, amma ba su manta ta ina gida yake ba, domin tun suna goye aka nuna musu.

Mu ma harshenmu bai bar mu haka ba. Idan Bahaushe ya ce wane bai san gabas ba, ai ka san ba mafitar rana yake nufi ba, kuma kalmar yamma ɗaya ce gare mu, ko kusurwa ake nufi ko lokacin da rana ta yi sanyi. Saboda haka idan ka sauka a garin da za ka, kafin ka tambayi ina kasuwa take, ka tambayi mai masaukinka ina gabas, ka kuma riƙe a ranka ta wace kusurwa ka baro mahaifiyarka, domin akwai daren da za ka buƙaci sanin hakan.

Ga ladan can ya fara gyaran murya. Miƙo mini butar nan, Allah ya yi maka albarka. Gobe bayan sallar asuba ka zo da takardar da ka rubuta lissafin tafiyar, mu zauna a zaure mu duba ta tare kafin rana ta ɗaga.