Yadda Ake Haɗa Lasifika Mai Amfilifaya Da Talabijin Ba Tare Da Sayen Sabon Saiti Ba

A gidaje da shaguna da dama a Wurno, Rabah da Goronyo akwai lasifikar nan mai batir da hannun ja, wadda aka saya don walima ko sunan jariri, daga nan ta koma lungu tana shan ƙura. A ɗaki guda kuma ga talabijin sirara da sai an matso kusa ake jin abin da ’yan wasan Daɗin Kowa ke faɗa a Arewa24. Ana iya haɗa su biyun da kebul ɗaya, in an san ramin da ya dace.

Irin wannan lasifika tana da amfilifaya a cikinta. Alamarta ita ce tana da filogin wuta ko batir, da maɓallin ƙara murya a jikinta. Saboda haka sauti mara ƙarfi take buƙata, irin wanda ke fita daga ramin iyafis. Babban kuskure shi ne a ɗauko wayoyi daga bayan tsohuwar amfilifaya, wurin da ake ɗaura lasifika mara wuta, a kai mata. Ƙarfin da ke fita daga nan ya fi abin da mashigarta za ta ɗauka, kuma yana iya ƙona ta.

Sai a juya talabijin a duba bayanta. In tana da ramin iyafis na milimita 3.5, an huta: kebul mai kan iyafis a gefe ɗaya, kawuna ja da fari a ɗaya gefen, ya wadatar, kuma a yawancin talabijin rimot zai ci gaba da rage murya da ƙara ta. Ramukan ja da fari na jikin talabijin kuwa suna yaudara, domin galibinsu na shigar da sauti ne daga DVD. Wanda aka rubuta Audio Out a kansa kaɗai ke fitarwa. Mai dikodar StarTimes, GOtv ko DStv yana iya ɗaukar sautin kai tsaye daga ja da farin dikodar, sai dai abin da ya biyo ta dikodar kaɗai zai ji, ban da YouTube na cikin talabijin.

Sababbin talabijin da yawa sun daina zuwa da ramin iyafis. Abin da ake samu shi ne wani ɗan rami mai kusurwa huɗu da jan haske a ciki, wato Optical. Sautinsa na dijital ne, lasifikar ba ta gane shi, don haka ana buƙatar ’yar na’urar da ke mayar da shi zuwa ja da fari. Girmanta bai wuce kwalin ashana biyu ba, kuma USB na talabijin ya isa ya ba ta wuta. A nan mutane ke yanke hukuncin cewa an sayar musu da jabu: an haɗa komai, sai shiru ko wani ƙara kamar ana soya ƙosai. Matsalar tana cikin saitin sauti. A shiga a canja daga Dolby Digital ko Auto zuwa PCM, domin ƙananan na’urorin nan PCM kaɗai suke karantawa. A wannan hanya sau da yawa rimot ba ya taɓa murya, sai an tashi an murɗa a jikin lasifika.

A gefen lasifikar, ramin da aka rubuta Line In ko Aux ake nema. Ramin makirufo yana ƙara sauti ninki-ninki, muryar za ta fito a dagule ko da an rage ta.

Bluetooth fa? Yana aiki, kuma ga waƙa daga waya ba shi da laifi. Ga fim da ƙwallo yana da jinkiri da kan kai kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, sai a ga baki ya motsa kafin magana ta iso. Kebul ba shi da wannan matsala.

Wuta ce ta fi kashe waɗannan kaya a yankin. Wutar Kaduna Electric ya kamata ta zo a bolt 230, amma lokacin da aka dawo da ita ko aka tayar da janareto takan yi tsalle. A riƙa kunna lasifika a ƙarshe, a kashe ta da farko, kuma a sa ta a soket ɗaya da talabijin. Hakan yakan kawar da gurnanin da ake ji ƙasa-ƙasa. In gurnanin yana zuwa ne kawai idan an koma sola, mai yiwuwa inbata ce mai araha wadda wutarta ba ta fita sumul. Lambobin wat dubu-dubu da ake bugawa a kwali da sunan PMPO talla ce, lambar RMS ake dubawa kafin a lissafa abin da batir zai ɗauka.

Mai lasifika biyu ya ajiye ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai tsayin kunnen mai zaune, tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazarar wurin zama. Mai guda ɗaya ya sa ta ƙarƙashin talabijin ko dab da ita. Kada a manna bayanta da bango, musamman a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, domin ta nan amfilifayar ke fitar da zafi. Ɗakin siminti mai rufin kwano yana amsa kuwwa, labule mai kauri da darduma a ƙasa suna rage ta sosai. Lokacin hunturu kuma a rufe ta da ƙyalle bayan an kashe, ƙurar da ke shiga maɓallin murya ce ke sa shi ƙarar-ƙarar idan an murɗa.