DARASIN KIWO: Karfasa Da Tarwada A Tafki Ɗaya

Darasinmu na wannan wata a kan kiwon kifi ne. A ƙasar Ruma, watau Batsari da Safana, akwai fadamu da kududdufai masu riƙe ruwa har bayan damina. Mutum yana iya gyara ɗan tafki kusa da gari ya zuba kifi. Wannan zai taimaka ƙwarai, musamman ga wanda rashin tsaro ya raba da gonarsa ta nesa, wajen Dajin Rugu.

Kifaye biyu aka fi kiwo a ƙasarmu: karfasa da tarwada. Masunta suna kama su a dam ɗin Zobe na Dutsin-Ma, wanda aka gama ginawa a 1983, da kuma dam ɗin Jibiya. Tambayar da manoma ke yi ita ce: in an haɗa su wuri ɗaya, ba za su cinye juna ba? Amsa ita ce ana haɗa su, amma da sharaɗi. Wanda bai kiyaye sharaɗin ba zai yi asarar kuɗinsa da wahalarsa.

HALIN KARFASA

Wasu suna kiranta gargaza. Abincinta gansakuka ne da ƙananan halittun da ke sa ruwa ya yi kore. Tana kuma cin dusa. Ba ta farautar manyan kifaye. Amma namijin mafaɗaci ne lokacin aure. Yakan haƙa ɗan rami kamar ƙwarya a ƙasan tafki. Duk kifin da ya matso sai ya kore shi.

Macen tana zuba ƙwai a ramin, sannan ta kwashe su a bakinta. A nan suke ƙyanƙyashewa. Takan riƙe su wajen mako biyu, ba ta cin abinci. Saboda wannan tsaro, 'ya'ya da yawa suna rayuwa.

To, a nan matsalar take. Karfasa tana fara haihuwa tun tana ƙarama, 'yar wata huɗu ko biyar. In ruwa da ɗumi, kusan ko wane wata sai ta sake zuba ƙwai ɗaruruwa. Kafin ka ankara tafki ya cika da 'yan mitsi-mitsi. Abinci ba ya isa. Ran kamu sai ka ga kifi ya cika kwando, amma babu na kai wa kasuwa.

HALIN TARWADA

Tarwada ba ta da zaɓen abinci. Tana cin tsutsa, da gara, da kwaɗi, da kifi. Duk abin da ya shiga bakinta haɗiye shi take yi, ko da ɗan'uwanta ne. Ta fi yawo da dare a ƙasan ruwa. Tana shaƙar iska a sama, shi ya sa takan daɗe cikin taɓo ba ta mutu ba. In an yi ruwa da dare tana iya jan ciki ta bar tafki. Ba ta cika haihuwa a tafkin kiwo ba. Don haka 'ya'yanta saye ake yi wurin masu ƙyanƙyasa.

AMFANIN HAƊA SU

Ka ga ita karfasa haihuwa ta yi mata yawa. Ita kuwa tarwada ƙananan kifi take nema. In an haɗa su daidai, tarwada za ta riƙa rage 'ya'yan karfasa. Manyan karfasa su sami abinci da wurin walwala, su yi ƙiba. Ita ma tarwada ta yi ƙiba ba tare da ka kashe kuɗi da yawa ba. Riba biyu ke nan.

In kuwa aka yi kuskure, tarwada ta fi karfasa girma tun farko, to sai ta share tafkin tas.

DARASI DAGA WATA ƘASA

A gabashin Afirka akwai babban tafki mai suna Biktoriya, tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya. Dā cike yake da ƙananan kifaye dangin karfasa, iri ɗaruruwa. A shekarun 1950 aka zuba giwan ruwa a ciki, irin wanda ake kamawa a bikin Argungu. Zuwa shekarun 1980 ya yi yawa, iri-iri na ƙananan kifayen nan suka ɓace. In haka ta faru a tafkin da ya haɗa ƙasa uku, ina ga naka na bayan gari?

Ko masu kiwon kifin ado a akwatin gilashi a birane sun san wannan. Sukan so haɗa dangin karfasa masu faɗa da wani kifi mai sanyin hali daga Ostareliya, wanda ake kira kifin bakan gizo. Ba sa cin nasara sai akwatin yana da faɗi, da wurin ɓuya, kuma babu wanda zai shiga bakin wani. Dokar ɗaya ce da ta tafkinka.

DOKOKI SHIDA

1. Zaɓi wuri mai laka. Jigawa ba ta riƙe ruwa. Tafkin ya zama zai riƙe ruwa wata shida ko fiye. Zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum, watau wajen mita 1.

2. Share tafkin kafin ka zuba kifi. Fitar da gaiwa, da kwaɗi, da tsohuwar tarwada da ta ɓuya a taɓo. Tarwada babba guda ɗaya ta isa ta gama da 'ya'yan da ka saya.

3. Karfasa ce za ta fara shiga. Ba ta wata ɗaya ko biyu ta yi girma. In ka zuba ta a watan Yuli, tarwada ta biyo a Agusta.

4. Tarwadar ta zama ƙarama, kamar tsawon yatsa, kuma duk girmansu ɗaya. In ka ga wata ta yi wa sauran nisa, cire ta. Ita ce mai cin 'yan'uwanta.

5. Kula da lissafi. Tarwada 1 ga karfasa 4. Misali, tafki mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10 zai ɗauki karfasa 200 da tarwada 50. Kada kwaɗayi ya sa ka ƙara. Cunkoso shi ke kawo faɗa da ciwo.

6. Kada ka bar su da yunwa. Ba su abinci safe da yamma, a wuri ɗaya. Dusar gero ko ta masara ko ta shinkafa, a haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli. Gara ma tana da kyau ga tarwada.

KULA DA RUWA

Zuba ɗan kashin kaji ko takin shanu a buhu, ka jiƙa a gefen tafki. Ruwan zai yi kore. Wannan koren abincin karfasa ne. Ga yadda za ka gwada: tsoma hannunka har gwiwar hannu. In kana ganin tafinka sarai, ƙara taki. In ya ɓace tun kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, taki ya yi yawa, cire buhun.

Riƙa leƙa tafki da asuba. In tarwada ta leƙo sama ta koma, ba komai, halinta ne. Amma in karfasa suka taru a sama suna buɗe baki, iska ta yi ƙaranci a ruwan. Dakatar da taki da abinci, ka ƙara sabon ruwa.

Lokacin hunturu kifi ba ya cin abinci sosai. Rage abin da kake zubawa, ka bari sai rana ta yi zafi. Abincin da ya kwana a ruwa ruɓewa yake yi.

Kewaye tafkin da shinge ko ƙaya, saboda ƙananan yara da dabbobi. Wannan wajibi ne. Rigakafi ya fi magani.

RANAR KAMU

Bayan wata shida, in an kula, karfasa za ta kai faɗin tafin hannu. Tarwada kuma za ta iya kai rabin kilo ko fiye. Kwashe kifin duka kafin ruwa ya ja baya. A ci a gida, a kai kasuwar Batsari ko Runka. Wanda bai shiga ba a yi banda. Kafin ka sayi 'ya'yan kifi, nemi shawarar malamin gona na KTARDA da ke yankinku.

TAMBAYOYI

1. A ina macen karfasa take ajiye ƙwanta?
2. Me ya sa karfasa ba ta girma in ita kaɗai ce a tafki?
3. Wane kifi ya kamata ya fara shiga tafki? Don me?
4. In kana da karfasa 120, tarwada nawa za ka zuba?
5. Rubuta sunayen kifaye biyar da ka sani, ka nuna wa malamin ajinku.