Darasin da Muka Koya a Gidan Abinci

Ranar Asabar mu uku muka shiga wani gidan abinci kusa da tashar motar Kazaure, inda matafiyan Kano da Daura ke tsayawa. Wurin ya cika maƙil. Wani dattijo ya bar wayarsa kan benci, ya tafi wanke hannu. Sai wani saurayi ya kife hularsa a kanta.

Gabanmu ya faɗi, amma ba mu yi ihu ba, domin ihun "ɓarawo!" yakan jawo duka har kisa. Muka raɗa wa mai abincin. Ta ce, "Samari, miƙo wa Baba wayarsa." Ya miƙa, ya sulale.

'Yan'uwa ɗalibai, kada mu bar kayanmu cikin cunkoso. In mun ga sata, mu sanar da babba a asirce.